Kilo Ashirin da Shida

Litinin, 3 ga wata, 7:15 na safe

Na buɗe shago, na share injin ɗaura igiya, na sa masa mai, alhali babu raket ko ɗaya da ke jira. Maman yara ce ta ba ni wannan littafin, wai tunda na ƙi magana da mutane sai in yi da takarda. To, ga shi ina yi.

Yau kwana tara Auta ba ta kira ni ba. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Duniya na ce mata zakarar tanis, ni kuwa Auta na sani, wadda na yi wa tsarki tana ƙarama. Shekara goma sha tara ni ke ɗaura mata igiyar raket, duk ƙasar da ta je da ni da injina. Ba alfahari nake ba, aikin ke nan, ban iya wani ba.

Gwiwar hannunta ta dama ce ta samu matsala a tsakiyar wasa. Jijiya. Likita ya ce ba ta tsinke ba amma saura ƙiris. Wannan ma a bakin Umma na ji. Ana cewa da hannuna a ciki. Ba yau zan rubuta wannan ba.

Talata, 4 ga wata, 1:00 na rana

Ba ta kira ba.

Laraba, 5 ga wata, 4:40 na yamma

Manajanta ya zo. Bai zauna ba, ya tsaya bakin ƙofa yana wasa da makullin mota kamar wanda ya zo duba mai mura.

Ya ce hanya uku ce a gabanta. Ko ta fito yanzu ta ce ta ajiye raket, a rubuta sanarwa a wuce wurin. Ko a yi mata aiki, ta yi wata goma a gida, ta dawo baɗi tana da shekara talatin da tara. Ko kuma ta daure ta buga gasar gida da za a fara nan da mako shida, a filin da ta koyi wasa, ta yi sallama da mutanenta a tsaye. In wannan ta zaɓa, dole ta sa hannu a takardar shiga kafin Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe sha biyun rana.

Na ce, "Ita wacce take so?"

Ya ce, "Babban yaya, ai ka san ta. Da safe wannan, da yamma waccan."

"Yaushe za a zauna a kai?"

Ya kalli makullinsa. "An fara zama jiya."

A da ba a zama sai da ni. Ƙarshen kowace shekara mukan shimfiɗa kalanda a teburin cin abincinta, ni da ita da koci da Manaja. Ita ke riƙe fensir. Ta zagaye wannan gasa, ta soke waccan, Manaja na kuka yana cewa ba a soke waccan. Kafin ta bi da biro sai ta juyo ta tambaye ni ko hannun zai kai. Ni take tambaya saboda ni ke ganin igiya bayan wasa. In hannu na da lafiya, tsakiya ƙwallo ke ci. In ya gaji, sai cin ya koma gefe. Na fi likita sanin hannun nan, kuma kowa a teburin ya san haka.

Na tambayi Manaja wa ya zauna a kujerata. Ya ce ba kowa, jakunkuna aka ɗora.

Juma'a, 7 ga wata, 11:20 na safe

Na rubuta mata "Ya hannun?" na goge. Na rubuta "Auta" kawai, na goge. Maman yara ta ce in ban daina matsa wayar nan ba zan ƙarar mata da fenti.

Lahadi, 9 ga wata, 3:00 na yamma

Bari in rubuta a huta.

Tun tana 'yar shekara sha tara lambarta ɗaya ce: kilo ashirin da shida. Ƙarfin da inji ke jan igiya da shi ke nan. In igiya ta yi tauri haka, ƙwallo na zuwa daidai inda aka aike ta, amma duk bugu hannu ne ke shan wahalarsa. In an sassauta, igiyar na taya mutum, hannu ya samu sauƙi. Auta ta ɗauki ashirin da shida tamkar sunanta na biyu. Yaran da ke tasowa ba mai wuce ashirin da huɗu, ita kuwa takan ɗaga wa 'yan jarida damtse tana dariya, ta ce wannan bai san tsufa ba.

Shekara shida da suka wuce na ga igiya ta fara ci a gefe. Na kuma ga tana murza gwiwar hannu in ta zaci ba mai kallo. Na ce mu sassauta kaɗan. Ta ce ranar da ta sauka daga ashirin da shida, ranar za ta ajiye raket. Ba wasa take ba, na san fuskar.

Sai na rage rabin kilo ban faɗa ba. Akwai 'yar takarda da nake mannawa a wuyan kowane raket, na rubuta 26 kamar kullum. Ba ta ji bambanci ba, ta ma ci gasar. Bayan wata tara na sake rage rabi. A hankali, a hankali, har muka kai ashirin da biyu. Takarda kuwa ba ta taɓa canzawa ba.

Watan jiya aka yi wa Maman yara aikin ido, ban bi Auta gasa ba, karo na farko ke nan. Na ɗaura mata raket takwas, na ce a raina za su ishe ta, don ban zaci za ta wuce zagaye na biyu ba. Ta kai na huɗu. Igiyoyina suka ƙare, ta kai wa mai ɗauri na gasar. Bawan Allah ya karanta takardata, ya sa ashirin da shida cif. Bai yi laifin komai ba.

Ta ji kamar da katako take bugu, amma taurin kai bai bar ta ta tsaya ba. A tsakiyar wasa raket ya faɗi daga hannunta.

Daga ɗakin canza kaya ta kira ni. Ina jin ana fasa ƙanƙara a gefenta.

Ta ce, "Yaya, mutumin nan ya rantse ashirin da shida ya sa, har ya nuna mini injin. Kai nawa kake sawa?"

Na mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Yaya."

Na ce, "Ashirin da biyu."

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Ta kashe wayar.

Don hannunta na yi. Ba don ni ba da tuni hannun ya tafi. Kofi biyar ta ɗaga a cikin shekarun nan shida, a je a tambaya. Don hannunta na yi.

Laraba, 12 ga wata, 5:50 na yamma

Na je gaida Umma, na tarar da motar Auta a ƙofa. Na yi minti ashirin a cikin tawa ina karanta lambar motarta kamar ban haddace ba. Daga baya na shiga.

Tana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Umma, kofin shayi a hannun hagu. Ta rame. Ta ɗago ta ce, "Ina wuni, Yaya. Ya iyali? Ya mai jiki?"

Gara ta zage ni. Tunda take ba ta taɓa yi mini cikakkiyar gaisuwa ba, sai dai ta daki kafaɗata ta ce, "Tsoho, me ka kawo mini?" Yau ga ta tana gaishe ni kamar maƙwabcin da ya tare jiya. Na amsa, ni ma na tambaye ta ya aiki. Ya aiki! Allah ya shirye ni.

Umma ta ce, "Ku biyun nan kun ishe ni. Da tsufana kun mai da ni 'yar aike. Wannan ya ce ta ci abinci, waccan ta ce ya sha maganin hawan jininsa. Ga ku ga juna, ku tambaya mana."

Auta ta ce tana da likita ƙarfe biyar. Ta tashi. Da ta zo wucewa na ji ƙamshin man zafin da nake saya mata tun tana makaranta.

Ashe dai tana tambaya ko na sha magani. Na riƙe wannan.

Juma'a, 14 ga wata, 12:30 na rana

Na samu aiki. Wani likitan haƙori mai bugawa ranar hutu ya kawo raket, ya ce in sa masa irin na zakara, ashirin da shida. Na kalli damtsensa na ce, "Ranka ya daɗe, da wane hannu za ka cire wa mutane haƙori ranar Litinin?" Na ce ashirin da ɗaya zan sa, in bai so ga ƙofa. Ya ɓata rai amma ya bari. Na rubuta 21 ƙato, har ya kusa fin takardar.

Minti ashirin da biyar na gama. Na Auta ba na wuce sha takwas. Hannuna ya fara mantuwa tun yanzu.

Litinin, 17 ga wata, 8:00 na safe

Saura kwana goma sha ɗaya. Ba ta kira ba.

Talata, 18 ga wata, 2:10 na rana

Na je filin atisaye. Ban shiga ba, na tsaya bayan shingen waya, gindin bishiyar da ke kusa da wurin ajiye motoci. Koci na jefo mata ƙwallo a hankali, irin jifan da ake yi wa mai koyo. Ban san wa ya ɗaura mata igiyar ba. A bugu na goma sha biyu ta juya masa baya ta durƙusa, wai tana gyara igiyar takalmi. Takalmin lafiyarsa lau.

Ina kewar abin. Ba kofunan ba. Ina kewar warin sabuwar ƙwallo in an fasa gwangwani. Ina kewar faɗa da ma'aikatan filin jirgi a kan nauyin injina, da ƙananan ɗakunan otal inda nake ture gado gefe don inji ya samu wuri. Ina kewar yadda take barci a kujerar jira, kanta a kan jakar raket, bakinta a buɗe, zakarar duniya guda, ni kuma ina tsaye ina tare ta kada wani ya ɗauki hoto. Kafin kowane wasa in na miƙa mata raket, ba ta ko kallonsa, karɓa kawai take ta wuce. Ban san girman wannan ba sai yanzu.

Laraba, 19 ga wata, 1:45 na rana

Na koma. Ta kama ni.

Ta zo har jikin wayar, tawul a wuya. Ta ce, "Yaya, kwana biyu kana bayan bishiyar nan. Tumbinka ya fi ta faɗi."

Na yi dariya, na zaci an wuce wurin. Ita ba ta yi ba.

Ta ce, "Ka zaci sassaucin ne ya ɓata mini rai? Ba shi ba ne. Ka tuna shekara uku da suka wuce? Ina ta biyu a duniya, babban kofi na kan teburi muna shimfiɗa kalanda a gefensa. A raina na ce ko dai in tsaya a nan. Na juyo na tambaye ka, ka ce hannun zai kai. Da ka ce mini, Auta, ashirin da huɗu kike bugawa tun bara, wallahi da a ranar na ajiye, ina kan ƙafata, ana tafi. Yanzu duk ƙofar da na bi, da tausayi za a raka ni."

Na ce, "Don hannunki na yi."

"Hannun nawa ne ko naka? Kowa na da ranar tafiyarsa, ni tawa ta zo ta wuce ban sani ba, saboda ka rufe ta da 'yar takarda."

"Auta, don hannunki..."

Ta ce, "To."

Ta koma fili. Na daɗe riƙe da wayar shingen har ta yi mini shaida a yatsu.

Lahadi, 23 ga wata, 4:20 na yamma

Mun yi faɗa da Maman yara. Ina ɗiga mata maganin ido, ina maimaita mata zancen kofi biyar, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Baban yara, tsakaninka da Allah. Da ta ajiye raket shekara shida da suka wuce, kai ina za ka?"

Na ce wace irin magana ce wannan. Na ɗaga murya, abin da ba na yi. Ta ce ita da ido ɗaya ma tana gani. Na fice na bar ta da kwalbar a hannu.

Na zagaya unguwa sau biyu, na dawo shago na zauna gaban inji.

Ina da shekara hamsin da ɗaya. Ban gama makaranta ba, na bari don in riƙa kai ta fili. Ba wanda ya tilasta ni, so na yi. In ta tsaya, ni mai shago ne a ƙaramin titi, mai jiran likitan haƙori. Ranar da ta ce in ta sauka daga ashirin da shida za ta ajiye, ba hannunta na fara tunawa ba. Gabana ne ya faɗi don kaina. Hannun ya zo daga baya, kuma da gaske ne, amma daga baya ya zo.

Na rubuta. Ba zan goge ba.

Na koma na ba Maman yara haƙuri. Ta ce ɗigo biyu ne, ɗaya na sa.

Talata, 25 ga wata, 10:05 na safe

Manaja ya kira, cike da zumuɗi. Wai Auta ta karkata ga gasar gida. An cike takarda, sa hannunta kawai ya rage. Har ya fara maganar hotonta a kan allunan titi da yadda za a kawo Umma fili a karon farko. Na tambaye shi wa zai ɗaura mata igiya. Ya ce ba a kai nan ba tukuna.

Na ji daɗi, sai kuma na tuna bugu na goma sha biyu.

Alhamis, 27 ga wata, 3:30 na yamma

Na sayo sabon ƙunshin igiya irin tata. Ba wanda ya aike ni.

Juma'a, 28 ga wata, 4:00 na yamma

Ta zo.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna, ina goge inji, na ji an turo ƙofa da ƙafa. Jakar na kafaɗar hagu. Ta sauke ta a teburi ta zuge, raket shida, duk babu igiya. Ta ciro na bakwai, wanda take atisaye da shi, ta miƙo mini.

Ta ce, "Likita ya ce wataƙila. Koci ya ce wataƙila. Manaja ya ce tabbas, amma shi ko gawata ce zai ce tabbas. Kai nake so in ji. Duba."

Na karɓa na kai bakin taga. Tsakiyar igiyar sabuwa fil, kamar ba a taɓa ta ba. Duk cin yana can gefe, dab da ƙarfen. Na juya mariƙin, na ga shaidar yatsunta ta sauka ƙasa, ta karkace. Ta canza riƙo don ta kauce wa zafi, riƙon da ta yi shekara talatin da shi.

Ta ce, "Manaja na ofishin gasa da takarda, yana jirana. In ka ce zai kai, yanzu zan je in sa hannu. Kai za ka ɗaura mini shidan nan, lambar da ka ga dama, ba zan tambaya ba. Ka zauna kusa da Umma a layin gaba. Wasa ɗaya nake so, Yaya, ko da za a cinye ni. In gama shi a tsaye kawai."

Abin da na yi wata guda ina roƙon Allah ke nan, ga shi a kan teburina, har da igiyar a aljihun tebur. Kalma biyu ce: zai kai. Na sha faɗarta, bakina ya saba. Har na fara lissafi a raina: in na sa ashirin, in na sa igiya mai laushi, in aka haɗa ta da yarinya marar ƙarfin bugu.

Tana kallona irin kallon da take mini tana ƙarama in na ce allura ba zafi.

Na ce, "Ba zai kai ba, Auta."

Na ajiye raket ɗin a teburi, na ci gaba.

"Ko na sa ashirin. Ko sha takwas. Za ki yi minti ashirin, wataƙila talatin, sannan jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, a fitar da ke a rirriƙe a gaban mutanenki, Umma na kallo. Kada ki sa hannu. Ki je a yi aikin don ki riƙa ɗaga kofin shayi da dama, ba don ki dawo ba. An gama, ƙanwata. Tun tuni ya kamata in faɗa miki, tsoron kaina ya hana ni."

Ta daɗe tana kallon raket ɗin nan shida. Sannan ta ciro waya da hagu ta kira Manaja. Ta ce, "Yaga takardar. A rubuta sanarwa, ni zan karanta da bakina." Ina jin muryarsa na tashi, ta kashe.

Ta ja kujerar da nake zama in ina ɗauri ta zauna. Kukan bai zo da ƙara ba. Ni ma ban iya riƙe nawa ba, na juya ina gyara abin da bai lalace ba. Can ta jawo gefen rigata ta share hanci da shi, ko kunya babu.

Ta ce, "Tsoho."

Na ce, "Na'am."

"Tun ina shekara bakwai ban taɓa wayar gari ba a rubuta mini abin da zan yi ba. Gobe Asabar. Me mutane ke yi ranar Asabar?"

Na yi tunani da gaske, don na yi niyyar ba zan ƙara ba ta amsar da ban tabbatar ba.

Na ce, "Wallahi ban sani ba, Auta."

Na jawo benci kusa da ita. Muka zauna muna kallon titi har sha biyu ta wuce.